Kube Mai Kallon Ƙasa

Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Yuli na shekarar 1977, garin Jos ya tashi da yayyafi, irin mai laushin nan da ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka ji riga ta manne maka a baya. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, sanyi kuma ya kora 'yan lodin tashar Laranto zuwa rumfar Iya Afusat mai koko da ƙosai. A nan Oga Adigun, mai manyan motocin da ke kai dankalin Turawa Ikko, ya same su. Ya tsaya da lemarsa ya yi sanarwa.

"Ɗan rakiya na ya tafi," in ji shi. "Ni na kore shi. A hanyan Jebba kaya ya karkace, igiya ya shaƙe buhu, direba yana cewa yanka, yanka, shi kuma yana neman wuƙa cikin jaka, jaka yana ƙarƙashin dankali. Asabar zan zaɓi wani cikin ku. Ina son mutum wanda wuƙan shi yana jikin shi."

Ɗan rakiya ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke zama gaban mota kusa da direba, ba bisa buhu ba. Shi ake ba rigar ruwa mai hula, shi ke dawowa da burodin Ikko da labarin teku. Kowa ya san mutum biyu ake kallo: Badung, wanda ya fi kowa daɗewa a tashar kuma ya fi kowa ƙarancin magana, da Bala na Anguwan Rogo, wanda ya fi kowa yawanta.

Bala bai taɓa wuce Kafanchan ba. Amma ya yi shekaru yana ba mutane labarin Ikko, har da wani mai shayi a bakin gada wanda ba ya tashi sai ya ga Bala ya sha. Yanzu ga dama ta zo ya je ya ga ko gaskiya yake faɗa.

"Oga, ai ka riga ka zaɓa," ya ce, yana kaɗa kokonsa. "Sani ne kawai ba ka yi ba tukuna."

Da la'asar ya isa gida da shirinsa a ka, ya tarar da matarsa Hasiya tana tsintar shinkafa tana sauraron gaishe-gaishe a rediyo. Ya ciro 'yar wuƙarsa daga ƙugu ya ajiye a gabanta. Ba ta fi tsawon tafin hannu ba, da ƙota ta ƙaho. Kyautar surukinsa ce, Malam Lukuman baduku na Zariya, wanda ya ɗinka mata jan kube da hannunsa.

"Duba nan," in ji Bala. "Duk duniya a ƙugu ake ɗaura wuƙa. Kafin ka ɗaga rigar ruwa, ka ɗaga ta sanyi, ka ɗaga ta ciki, mota ta kife har an yi sadakar uku. Ni a wuya zan rataye ta. Kuma ba kamar laya ba. Bakin kube zai kalli ƙasa, ƙota tana lilo a ƙirji. Hannu ɗaya, fit, ta fito."

Hasiya ta cire tsakuwa ta jefar. "To Malam, me zai hana ta faɗowa?"

"Ilimi."

"Na wa?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ta ce ai Baba yana yi wa makiyaya kuben wuya tun tana yarinya. Da jemammiyar fata yake yi, bakinsa sama, da ɗan harshe mai kama ƙota. A bayan wuya kuma ba ya ƙulla igiyar, sai ya haɗa ta da siririn zare, don in ta sarƙe a reshe zaren ya tsinke, ba wuyan mutum ba.

Bala ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Igiyar da aka yi don ta tsinke? Wannan ai kamar a gina gada ne don ta karye. Baba mutumin kirki ne, amma aikinsa na zamanin jaki ne. Mu mota muke bi."

Hasiya ta ture shinkafar gefe. Ta yagi takarda, ta ɗauki fensir, ta rubuta wa mahaifinta gaisuwa da roƙon ya ɗinko kuben wuya guda ɗaya, ta sa a ambulan. Bala ya karɓa ya soke ta a saman ƙofa, ya ce ranar da wannan wasiƙar za ta bar gidan nan, a sauya masa suna. Sannan ya zauna ya farke jan kuben surukinsa, ya juya shi, ya ɗinke da zaren buhu.

Washegari ya isa tasha maɓallan riga a buɗe duk da sanyi, ƙota tana lilo a ƙirjinsa. Ya zaga ta gaban Oga Adigun, ya sake zagawa, sannan ya nufi rumfa. Da yake ranar girma yake ji, sai ya ga ya kamata ya ba manya nasu, ya russuna sosai a gaban tukunya.

"Iya, ina kwana."

Tsulum.

Iya Afusat ta dubi tukunyar, ta dubi ƙirjin Bala, ta sake duban tukunyar.

"Bala, sukari ake sa wa koko."

"Gwaji ne, Iya. Ina auna saurin fitarta."

"Ya yi sauri," in ji Badung daga kan benci.

Iya ta sa ludayi ta yi ta lalube har ta tsamo wuƙar tana tururi. Ta ce ita ba za ta sayar wa bayin Allah kokon da wuƙar yankan igiya ta yi wanka a ciki ba, don haka duk wajen da ta faɗa Bala ne zai shanye shi. Bala ya tambaya ina ne wajen. Ta zagaya ludayi a bakin tukunya gaba ɗaya. Ranar kwano bayan kwano ya sha, har ya zama in ya ɗaga buhu ana jin cikinsa yana amsawa.

Bai karaya ba. Ya ce kube ne ya yi yawa, ya cusa masa tsumma, ya yi tsalle a tsakar gida wuƙa ba ta motsa ba. Ya tafi sallar la'asar a masallacin unguwa, ya shiga sahun gaba kusa da abokinsa Jika tela. Aka yi ruku'u. Tsumman ya fara fitowa, a hankali, kamar mai neman izini. Wuƙar ta biyo shi, ta sauka da tsini ta tsaya cak a tabarma, tsakanin babban yatsan Jika da mai bi masa.

Jika bai yanke salla ba, Allah ya ba shi lada. Amma yatsunsa sun ƙarasa sauran raka'o'in a dunƙule.

Da aka sallame ya juyo. "Bala, ni neman lada na zo, ba yankan farce ba."

"Ai ka ga saitinta. Ko gashi ba ta taɓa ba."

"Wa ya saita ta?"

Liman ya gyara murya, ya ce shi bai hana kowa jam'i ba, amma in Malam Bala zai riƙa zuwa da abokiyar tafiyarsa, to ya yi sahunsa shi kaɗai can baya, wajen takalma. Kafin magariba yaran unguwa sun raɗa masa suna Bala Fit. Ya ce ai haka ake yi wa duk wanda ya kawo sabon abu.

Ran Laraba Hasiya ta tafi barka maƙwabta. Bala ya zauna yana kallon rediyonta, rediyon yana kallonsa. Can ya tuna akwai mayen ƙarfe a bayan lasifika. Ya kwance rediyon da tsinin wuƙar, ya ɓamɓaro shi, ya ɗinke shi cikin kube, ya mayar da murfin rediyon ya share shi da hannun riga don kada a ce bai kula da kayan mutane ba.

Abin mamaki, ya yi aiki. Wuƙa ta manne. Ya yi tsalle, ya yi ruku'u, ya yi rawa, tana nan. Ya fita da sauri zuwa shagon Jika don ya wanke sunansa.

"Tsaya daga nan," in ji Jika, ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin keken ɗinki.

"Kwantar da hankalinka. Yau kimiyya ce a ciki." Bala ya shiga, ya sunkuya bisa teburin ya girgiza ƙirji. "Ka gani? Ko Bature bai kai nan ba."

Bai lura ba, allurai da fil-fil da ke cikin murfin gwangwani sun tashi tsaye sun bi shi. Ya miƙe kuben ya yi gashi kamar bushiya. Jika ya buɗe baki zai yi magana, amma Bala ya riga ya ɗaga hannu.

"Ni Bala, na rantse ran Asabar," ya ce, ya bugi ƙirji da ƙarfi.

Sauran rantsuwar ba ta fito da Hausa ba. Jika ya zaunar da shi a kan tulin yadi yana zare masa allurai daga tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da su gwangwani, yana cewa wannan ta shadda ce, a yi hankali da ita. Da ya gama ya farke kuben ya cire mayen ƙarfen ya jefa a aljihu, ya ce ladan likita ne, kuma dama yana neman abin tsince allura a ƙasa.

A gida ya tarar da Hasiya tana murɗa rediyo.

"Malam, abin nan tun da na dawo bai ce uffan ba."

"Sanyi ne ya kama shi."

"Ashe sanyi yana hana magana." Ta dubi hannunsa da ke naɗe da ƙyalle. "Ban taɓa ganin alamar haka a gidan nan ba."

Ta ɗaga ido ta kalli saman ƙofa. Shi ma ya kalla. Ya ce ko kusa.

Ran Alhamis da sassafe ya sauka mayanka, don ya kwana da wata dabara wadda ya ce ita ce uwar sauran. Ya sa wani mahauci ya zare masa fatar wutsiyar sa ɗungurungum, ba tsaga, kamar yadda ake cire safa. Ya yanki daidai tsawon wuƙar, ya zura ta ciki fatar tana ɗanya, ya ƙulle ƙarshen. Mahaucin ya ce ai ba a jeme ta ba. Bala ya ce jima ɓata lokaci ne, majema ne suka ƙirƙiro ta don su ci abinci.

Sai igiya. Ya samo ta nailan, irin wadda ake ɗaure tamfol, ya ruɓanya ta, ya rataya. Da ya ga tana lilo da yawa sai ya rage tsawonta, ya ƙara ragewa, har kube ya zauna daidai ƙasan maƙogwaro. Ya ƙulla, ya kyasta ashana ya narkar da ƙullin ya zama dunƙule ɗaya, sannan ya juya shi baya.

"Wannan ko giwa ba ta tsinka ta," ya gaya wa Hasiya.

"Ta kai za ka riƙa cire ta?"

Ya gwada. Igiyar ta tsaya a haɓa.

"Wa ya ce cirewa ake yi? Oga cewa ya yi a jiki."

Ya wuni a gaban murhu yana gasa ƙirji don fatar ta bushe. Ta bushe kuwa, ta tsuke, ta kama wuƙar gam. Ta kuma fara wari. Ran Juma'a ƙudajen Anguwan Rogo suka yi masa rakiya har bakin titi, suka miƙa shi ga na Laranto. Wani baƙin kare ya bi shi tun daga gida yana kallon wuyansa da ladabi. A masallacin Juma'a, duk cunkoson nan, aka bar masa fili dama da hagu wanda zai ishi mutum ya shanya barkono. Ya dawo ya ce wa Hasiya mutane sun fara girmama shi tun kafin a naɗa shi.

Da yamma ya tara maƙwabta, ya hau bishiyar mangwaron ƙofar gida, ya maƙale reshe da ƙafafu ya sako kai ƙasa, ya sauko ya yi tsalle, ya yi gudu ya tsaya. Wuƙa ko gezau. Aka tafa masa, daga nesa. Ya shiga karɓar saƙon tsaraba: wannan turare, wancan agogo, wata tsohuwa ta miƙo kwalba ta ce ruwan teku.

Hasiya tana haɗa masa kaya a jaka, hanci a rufe da gefen mayafi, ta ce, "Malam, riƙewa kam ta riƙe. Ka gwada zare ta?"

"Ba a zare takobi sai ranar yaƙi."

Asabar ta zo da rana tarwai, kamar ba damina ba. An cika motar da dankali har sama da bodi. Rabin Anguwan Rogo sun zo rakiya, Jika a gaba da awo rataye a wuya, baƙin karen a baya. Oga Adigun ya sa an cukurkuɗe wata igiya a saman kaya, an yi mata ƙulli bisa ƙulli.

"To," in ji shi. "Mu ce muna hanyan Jebba. Igiya ya shaƙe. Wa zai fara?"

Kafin ya rufe baki Bala yana sama. Ya tsaya bisa buhuna, ya gyara tsayuwa, ya dubi jama'a.

"'Yan'uwa, ku buɗe ido, don abin ba ya jiran ƙiftawa. Wanda ya yi atishawa sai dai a ba shi labari. Oga, ka ce yanka."

"Yanka."

Bala ya kama ƙota ya ja. Kansa ya sunkuya.

Ya ɗago, ya yi murmushi, ya sake ja. Kansa ya sake sunkuyawa. Ya sa hannu biyu ya fizga, ya fizga, kai yana sauka yana tashi kamar na ƙadangare a kan katanga.

"Mun amsa gaisuwa," in ji Iya Afusat daga ƙasa. "A yanka."

"Sabuwa ce, tana jin kunya," in ji Bala.

"Ran Talata ba ta ji ba."

Ya riƙe kuben da hagu ya ja da dama, ya sa haƙori, ya tofar da sauri. Oga Adigun ya dubi agogonsa ya ce yanzu mota ya kife. Ya ɗan jira ya ce yanzu an zo ɗaukan direba.

"Badung," in ji Bala ƙasa-ƙasa, "zo ka ɗan riƙe mini nan."

Badung ya hau, ya tofa yawu a hannu, ya kama ƙota ya ja da gaskiya. Wuƙa ba ta fito ba, Bala ne ya taho. Badung ya ja da baya, Bala ya bi shi da rarrafe bisa buhuna daga wannan ƙarshen mota zuwa wancan, kamar ɗan akuyan da za a kai kasuwa. Jama'a suka bi su ta ƙasa suna ba da shawara. Wani ya ce a murɗa, wani ya ce a buga da dutse, wani ya ce a kira mahaucin ya zo ya karɓi wutsiyarsa.

Iya Afusat ta miƙo ludayin man ƙosai da ya huce. Da yake bakin kuben ƙasa yake kallo, sai da aka kwantar da Bala rigingine, aka ɗaga kuben sama aka tsiyaya. Rabi ya shiga, rabi ya bi wuya ya gangara cikin kunne. Aka sake ja. Shiru. Karen ya zauna yana lasar baki.

Ba wanda ya lura da abin da ke haɗuwa a gabas. Ruwan Jos ba ya sallama. Iska ta kaɗa sau ɗaya, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya, har da 'yan ƙanƙara.

"Tamfol," in ji Oga Adigun. "Dankali na. Ku ja tamfol."

Tasha ta hargitse. 'Yan lodi suka yi sama da tamfol, iska tana fizge shi. Igiyar nan da aka cukurkuɗe ita ta tare hanya, Badung ya durƙusa ya kwance ta da yatsu da haƙori don kada a yi asarar igiya, ƙulli bayan ƙulli, ba wanda ya ma kalle shi. Masu rakiya suka ɓuya a jikin mota ta gefen da ruwa ba ya bugu. Iya Afusat ta jawo tukunyar kokonta ta raɓa a wurin ita ma.

Bala ya daɗe a sama yana kokawa da ƙirjinsa, ruwa yana dukansa, har tamfol ya zo ya ture shi. Ya juya zai sauka ta gefen bodi. Ga mai a hannu, ga ruwa a katako. Ƙafa ta zame. Ya sulalo, sai ya ji an cafke shi ta ƙeya: igiyar wuyansa ta faɗa cikin ƙugiyar da ake ɗaure tamfol. Daga sama kuma wani ya jefo igiyar tamfol a kan ƙugiyar ya ja ya ɗaure, bai san da mutum a ciki ba.

Allah ya taimake shi yatsun ƙafarsa suka sami saman taya, hannuwansa biyu suka shige tsakanin igiya da maƙogwaro. Ya tsaya a haka a miƙe, haɓa sama, baki yana tarar ruwa.

"Yanka," ya ce da wata 'yar siririyar murya.

Dariya ta ɗauke. Mutum biyu suka rungumi ƙafafunsa suka ɗaga. Oga Adigun ya tokare shi ta baya da lema. Jika ya taka ganga ya hau, ya laluba ƙullin ya ji dunƙulen roba.

"Wane mara hankali ne ya narkar da wannan?"

Bala ya lumshe ido.

"Wuƙa," in ji Jika. "Wa ke da wuƙa?"

Kowa ya shafa aljihu. Ta Badung tana sama tare da shi, yana kwance bisa tamfol kada iska ta tafi da shi, ba ya jin kira. Ta Iya tana can rumfa, ruwa ya raba. Jika ya zazzage aljihunsa, ba komai sai alli da mayen ƙarfe. Wuƙa ɗaya ce a kusa, tana lilo a gaban hancin kowa, cikin kuben da ko giwa ba ta buɗe shi.

Amma ɗanyar fata ɗanyar fata ce. Wuta ta tsuke ta, ruwa kuma ya tuna mata asalinta. Ta sha mai, ta sha ruwan sama, ta sha gumi, ta yi laushi ta saki jiki kamar ranar da aka zare ta daga wutsiya. Ƙota ta ɗan motsa. Ta ɗan sauko. Masu riƙe da ƙafa suka kau da kai.

Tsulum.

Iya Afusat ta dubi tukunyarta.

"Ta san hanya," ta ce.

Ta sa ludayi ta tsamo ta, ta goge a zani, ta miƙa wa Jika. Yanka ɗaya igiyar ta rabu. Bala da masu riƙe da shi da lemar Oga suka zube cikin taɓo gaba ɗaya. Kuben ya yi tsalle gefe. Baƙin karen, wanda ya yi haƙuri tun ran Juma'a, ya ɗauki abinsa ya tafi ba gaggawa.

Da aka tabbatar yana numfashi, dariyar da aka ajiye ta dawo da riba. Har ruwa ya tsagaita ba ta tsagaita ba. Oga Adigun ya tsamo lemarsa, ya dubi yadda ta lanƙwashe, ya tsuguna kusa da Bala.

"Bala, gaskiya wuƙan ka yana jikin ka. Ban taɓa ganin wuƙa yana jikin mutum haka ba. Amma ko kai kube ba ya ba ka shi." Ya miƙe. "Badung, je ka ɗauki rigan ruwa."

Bala ya buɗe baki zai yi bayani, don yana da bayani, mai kyau ma. Ba abin da ya fito sai iska, kamar tayar keke.

Mota ta tashi bayan azahar. Badung yana gaba kusa da direba cikin rigar ruwa mai hula. Da suka zo daidai inda Bala ke zaune a benci, an lulluɓe shi da buhu, kwanon koko a hannunsa, don Iya ta ce dokar ran Talata tana nan, sai Badung ya leƙo ta taga.

"Bala, wannan mai shayi naka na bakin gada. In an shiga, ta wane hannu yake?"

Duk tasha ta zuba masa ido. Bala ya ajiye kwano, ya yi ɗan tunani kamar mai tuna hanya, ya ɗaga hannu ya nuna dama, ba ko shakka.

Ya kwana biyu a gida da jan zobe a wuya. Hasiya tana shafa masa man kaɗanya safe da yamma. Masu saƙon tsaraba suka yi ta zuwa dubiya, tsohuwar nan ta karɓi kwalbarta. Jika ya zo da mayen ƙarfen da kuma mai gyara, kafin la'asar ɗin Lahadi rediyo ya dawo da magana.

"Ka ga sanyin ya sake shi," in ji Hasiya, ta ƙara masa murya. "Saura kai, Malam."

Ran Litinin da safe yayyafin ya dawo. Bala ya naɗe wuya da rawani, ya jira Hasiya ta shiga madafa, ya miƙa hannu saman ƙofa. Ya buɗe ambulan a hankali, ya karanta, ya lashi bakin fensir ya ƙara layi biyu a ƙasa, ya liƙe. Bai ba direban Zariya ba, don wasiƙar da ta bi ta Laranto labarinta sai ya riga ta isa. Ya taka da ƙafa har babban gidan waya na cikin gari, wuƙar tana naɗe cikin tsumma a can ƙasan aljihu. Ya sayi kan sarki da nuni, ya manna, ya duba dama da hagu, ya jefa ta cikin akwati.

Abin da ya ƙara a ƙasan rubutun Hasiya shi ne: "Baba, a yi shi bakinsa sama. A bayan wuya kuma a sa siririn zare mai tsinkewa. Wannan shawarata ce, na yi bincike a kai."